Wa Zai Ƙara? Amsar Wasiƙunku Kan Gwanjo Ta Waya

Yawancin wasiƙun da suka iso mini a wannan watan kan abu ɗaya suke, wato gwanjon nan da ake yi ta waya, a WhatsApp da Facebook da TikTok, har da masu tambayar na ƙasashen waje. Na zaɓo huɗu waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Kamar kullum, na cire sunaye na bar unguwa, duka unguwannin nan Damagaram ne.

Daga wata malama a Garin Malam

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce ƴar kwantaragi, ina da yara uku. Abin da nake karɓa ba ya kai ni ashirin ga wata. Ina cikin wani zauren WhatsApp inda wata mata take sa kaya da dare, kowa ya taya, wadda tayinta ya fi ta ɗauka. Ina ganin yadda ake rububi. Wata mai zuwa zan kwashi adashe, jikka saba'in, wato sefa dubu saba'in. Shin in sayi dilar gwanjo in fara irin nata? Maigidana bai hana ba, ya dai ce in yi shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka wa maigidanki da alheri da ya ce a yi shawara. Tawa shawarar ita ce kada ki sa kuɗin adashen nan a dila, aƙalla ba yanzu ba. Ki fara gwanjon, amma da kayan da ba kuɗinki ne a ciki ba.

Rububin da kike gani a zauren matar nan ba kayanta kaɗai suka jawo shi ba. Mutane ta tara, kuma ta daɗe tana tara su. Wata ta saya, ta ga abin da aka nuna mata shi aka kawo mata, ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta jawo yayarta da ke aure a Maraɗi. Gwanjo ba ya tashi sai an samu mutum biyu ko fiye suna son abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowacce tana tsoron kada ɗayar ta riga ta. In mutum ɗaya ce ta taya, a farashin da kika buɗe da shi kayan za su tafi, ko da bai kai abin da kika sayo su ba. To ki buɗe wayarki ki ƙirga: mata nawa ne a ciki masu halin saye, waɗanda kuma za su yarda su tura miki kuɗi tun ba su taɓa kaya da hannunsu ba? Su ne jarinki na gaskiya, kuma jikka saba'in ba ta sayo su.

Sannan ba kowane kaya ne na gwanjo ba. Abin da kowa ya san kuɗinsa ba ya tashi. Turmin atamfar da ke rataye a kowane shago na Kasuwar Dole, ba macen da za ta ƙara miki ko dala a kan kuɗin kasuwa, tunda ran Alhamis za ta iya zuwa da ƙafarta ta taya ta samu ragi. Abin da ke tashi shi ne wanda guda ɗaya ne, ko wanda ya yanke a kasuwa, ko wanda sabonsa ya fi ƙarfin mutane amma tsohonsa yana da sauran rai: zanen da aka daina fitar da irinsa, lafaya mai kyau da aka yafa sau biyu, leshi, keken ɗinki, firji, jeren kuloli, gadon amarya, keken yara.

Irin waɗannan kaya suna nan jibge a ɗakunan maƙwabtanki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, dillaliya ce a Birni. Matan da ba sa fita su ne ke ba ta kaya, ta ƙulle a tsohon zane ta ɗora a ka, ta shiga wannan gida ta fita wancan, nan a taya ta ce albarka, can a ƙara, sai ta koma wa mai kaya da tayin da ya fi. In an sallama ta ɗauki la'adarta. Ba ta taɓa zuba jari ba, kuma da wannan sana'ar ta yi mana kayan ɗaki. Yawon da ta yi da ƙafa shi waya za ta yi miki kina zaune. Ki samu mace biyu ko uku masu son rabuwa da wani abu, ku yi magana a kan abu uku kafin ki ɗauki hoto: mafi ƙarancin kuɗin da za ta sallama, la'adarki nawa ce, da kuma ranar da za ki mayar mata da kayanta in ba su shiga ba. Ki rubuta a littafi, ki karanta mata ta ji. Ke malama ce, rubutu ba zai yi miki wuya ba, kuma shi zai raba ki da rigimar "ai ba haka muka yi ba". Wani abu da mahaifiyata ta riƙe har ta bar duniya, ke ma ki riƙe shi: ba a faɗin sunan mai kaya. Mace ba ta sayar da kayan ɗakinta sai da dalili, kuma ba ta son unguwa ta sani.

Ranar gwanjo kuwa, ƙa'ida ake fara rubutawa kafin hoto. Ki faɗi kuɗin buɗewa, ki faɗi mafi ƙarancin abin da ake ƙarawa, a ce ɗari biyu da hamsin ko ɗari biyar, ki faɗi ƙarfe nawa za a rufe, ki faɗi wa'adin biya. Tayi sai a cikin zaure inda kowa ke gani. Duk wadda ta biyo ki ta bayan fage ta ce ki ajiye mata za ta ƙara, ki ce mata ta rubuta a zaure. Ranar da mata suka gane ana cinikin ɓoye, daga ranar sun daina tayawa da zuciya ɗaya. In lokacin rufewa ya yi, ki rubuta da kanki cewa an rufe, ki ambaci tayin ƙarshe. Wanda ya shigo bayan wannan, ko na yayarki ne, ya makara. Da yake rezo yana yi mana wasa, saƙon wata yakan maƙale ya iso a makare, sai ki faɗa tun farko cewa abin da ya bayyana a wayarki shi ne abin dogaro.

Ki kula ƙwarai da lissafin kuɗi, don nan rigima ta fi yawa a wajenmu. Mu da baki da dala muke ƙirga, a rubuce kuma da sefa. Mace za ta rubuta dubu biyu tana nufin dala dubu biyu, jikka goma ke nan, wata kuma ta karanta shi a jikka biyu. In kuma akwai ƴan'uwanmu na Daura ko Maigatari a zauren, su naira ce a ransu. Ki sa doka: kowane tayi da lamba za a rubuta, da sefa, cikakke, kamar 10.000 F. Saƙon murya ba tayi ba ne.

Hoto ki ɗauka da rana, a inuwa, a kan farin zane, ba da dare a hasken tocila ba. Inda ya ƙone ko ya koɗe ko ɗinki ya saki, ki matsa da waya ki ɗauke shi shi kaɗai ki nuna. Za ki ga kamar hakan zai rage kuɗin kaya, kuma zai ɗan rage, amma mai saye da ta ga aibi tun a hoto ba ta dawo miki da kaya, ba ta kuma yi da ke a gidan suna. Lokaci ma yana da nasa: bayan isha'i mata suka fi riƙe waya, ƙarshen wata da gabanin salla kuɗi suka fi yawo, jakunkuna da takalman yara kuma sai dab da komawa makaranta a watan Oktoba.

Sai maganar karɓar kuɗi, wadda nake so ki karanta sau biyu. Mun ji daɗi yanzu, akwai Nita, akwai Amana, akwai Al Izza, akwai Airtel Money da sauransu, kuɗi na tasowa daga Agadas ko Diffa su iso miki kafin ki gama wanke-wanke. Amma hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo waya yana cewa an turo miki ma ba kuɗi ba ne, duk ana ƙirƙirarsu. Sai kin buɗe asusunki da hannunki kin ga sun ƙaru, ko kin je kin karɓa a hannu, sannan kaya su bar ɗakinki. Wanda ya kira ki yana kuka wai ya turo miki kuɗi bisa kuskure ki mayar masa, ki duba asusu tukuna. Lambar sirrinki ba mai ji, kuma lambobi shida ɗin nan da WhatsApp ke aikowa, duk wanda ya ce ki karanto masa, zaurenki yake son ƙwacewa ya riƙa karɓar kuɗi da sunanki. Tun 2019 ƙasar nan tana da dokar hukunta laifukan intanet, kuma ana kai ƙara komisariya, sai dai kuɗin da suka fita dawowarsu da wuya.

Kai kaya cikin gari, ki samu ɗan kabu-kabu ɗaya wanda kika san gidansu. Na nesa kuma kamfanonin motocin safa irin su Rimbo da STM suna karɓar saƙo, ki karɓi takarda ki ɗauki hotonta ki tura wa mai saye. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, don haka ki tambayi kuɗin aike kafin gwanjo, ki rubuta a ƙa'ida cewa mai saye ke biya. Masu farawa da yawa a nan ribarsu ke zurarewa. Mu ɗauka lafayar maƙwabciyarki ta tashi a 11.000 F, la'adarki kashi goma cikin ɗari, 1.100 F ke nan. In kika biya kabu-kabu zuwa tasha daga aljihunki, kika cire kuɗin megar da kika ƙona a daren, abin da ya rage ba zai sayi tiyar gero ba. In kuwa mai saye ta ɗauki nauyin aike, kika kuma fitar da kaya biyar ko shida a dare ɗaya da megar nan guda, to kin samu kuɗin cefane na gaske, ba ki kuma yi kasadar ko sisi ba.

Dila kuwa, a rufe ake sayar da ita. In an fasa, na zaɓe kaɗan ne, su ne masu tashi a gwanjo, sauran sai an kasa su a tabarma ana sayarwa da arha, kuma ke ba ki da rumfa ba ki da lokacin zama. In kin yi wata uku ko huɗu kina dillanci kin gane abin da matan zaurenki ke so, ki je wurin masu fasa dila da sassafe ki zaɓi guda goma ki biya kuɗin zaɓe. Ya fi tsada a kan kowane guda, amma idonki ya ga abin da kika saya. Roƙona na ƙarshe gare ki: wayar ciniki ta zauna a jaka har a tashi daga makaranta. Yaran nan amana ce a hannunki, kuma iyayensu mata su ne za su cika miki zaure.

Daga wani matashi ɗan dukawa a Birni

Hajiya ina gaisuwa. Gidanmu dukanci muka gada, muna yin jakunkuna da filalla da takalma da kube. Da can Turawa masu yawon buɗe ido na zuwa har ƙofar gida su saya, yanzu shekaru ke nan ba ma ganinsu. An ce mini akwai wani wuri eBay inda ake gwanjo duniya duka na gani. Ta yaya zan sa kayanmu? Kuma akwai tsohon takobi da wasu tsofaffin takardun ajami na kakanmu, wani ya ce a can za su yi kuɗi sosai.

Ɗana, ina amsawa, ka gaishe mini da mahaifinka. Ina da filallan aikin Birni a ɗakina da suka girmi wasu ƴaƴana, har yau rininsu bai koɗe ba, don haka na san abin da ke hannunku.

eBay gaskiya ne. Wani mai suna Pierre Omidyar ya kafa shi a Amurka a 1995. Mai kaya yana sa hoto da kuɗin buɗewa, ya zaɓi kwanakin gwanjo, daga kwana ɗaya har zuwa goma. Mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi, har a kai iyakar tasa. Shi ya sa sau da yawa kaya ke kwana shida shiru, sai a daƙiƙun ƙarshe farashi ya yi tsalle. Sai dai ka sani, ko a can ɗin yanzu mafi yawan ciniki da tsayayyen farashi ake yinsa, gwanjo ya koma na kayan da ake tarawa don sha'awa, irin tsofaffin agoguna da kuɗin da.

Kafin ka ɓata megarka, ga abin da ke gabanka. Ba kowace ƙasa suka yarda mutanenta su yi rajistar sayarwa ba, akwai jerin ƙasashe a shafinsu, shi za ka fara dubawa. Ba sa biya ta Nita ko Airtel Money, sai ta banki ko ta wani kamfani mai suna Payoneer. La'adarsu a yawancin kaya ta haura kashi goma cikin ɗari, kuma har kuɗin aike suke haɗawa su cire a kai. Sabon mai sayarwa sukan riƙe kuɗinsa sai kaya sun isa. In mai saye ya ce kaya ba su zo ba, ko ba su ne na hoto ba, kai kuma ba ka da lambar bin sawun saƙo, shi za a mayar wa kuɗinsa. Aike mai lambar bin sawu daga Damagaram zuwa Faransa ko Amurka kuwa, na jaka guda ɗaya yana iya fin kuɗin jakar. Ka je gidan waya da kamfanonin aike da jakar a hannunka, su auna su gaya maka, sannan ka yi lissafi. Yuro ɗaya kusan 656 F ne, ba ya motsi, wannan kam zai sauƙaƙa maka.

Akwai kuma maganar fata. Ta akuya da tunkiya da saniya ba matsala, in dai jima ta yi kyau ta bushe sarai, don fatar da ke da sauran wari in ta kwana biyu a rufe cikin leda, Bature na buɗewa zai mayar. Amma fatar kada da mesa da damo suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da ake kira CITES, ba sa ƙetare iyaka sai da takarda, kuma duwan na can suna ƙwacewa. Hauren giwa kuwa eBay ya haramta shi ɗungurum tun 2009.

A ganina kasuwarku ta fi kusa da haka. Jaka sabuwa da kuke iya yin irinta goma ba kayan gwanjo ba ce, kayan tsayayyen farashi ce. Ka buɗe shafi a Facebook da TikTok, ka riƙa ɗaukar mahaifinka yana yanka yana ɗinki yana saka ado, mutane na son ganin hannu yana aiki. Ma'aikatan Yamai masu neman tsaraba, masu shirya biki, ƴan Kano da ke kimanin kilomita 240 daga nan, ƴan Damagaram mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka masu kewar gida, su ne masu sayenku. In wani ɗan'uwa amintacce da ke zaune a waje zai ɗauki guda ashirin a jakarsa in ya zo hutu, ya sayar a can da asusunsa ku raba, wannan ya fi aike ɗaya-ɗaya nesa ba kusa ba. Gwanjo ka ajiye shi don aiki na musamman, wanda mahaifinka ya ɓata wata guda a kansa kuma ba zai sake irinsa ba.

Takobi da takardun kakanku kuwa, ina roƙonka don Allah ka bar su inda suke. Ta fuskar doka, akwai dokar 1997 ta kare kayan tarihi na ƙasa, kuma fitar da irin waɗannan ba izini laifi ne. Ka tuna da dutsen nan da ya faɗo daga duniyar Maris, wanda aka tsinta a jihar Agadas a watan Nuwamban 2023, mai nauyin kusan kilo 25. A watan Yulin 2025 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dalar Amurka miliyan 5.3, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita. Abin da ya shiga irin wannan kasuwa ya shiga ke nan, ba ka san ɗakin wa zai ƙare ba. Ni abin da ya fi damuna ma ba dokar ba ce. Garin nan shi ne babban birnin ƙasar har 1926, kafin nan kuma ayarin Tarabulus a nan yake sauke kaya. Takardun da ke cikin gafakar gidajen Birni, wasiƙu ne da lissafin fatake da waƙoƙin malamai, a cikinsu labarinmu yake, kuma da yawa ba wanda ya karanta su tukuna. In kuna tsoron gara ko ruwan sama, ka je sashen tarihi na Jami'ar André Salifou ka nemi malamai su duba su, a ɗauki hotonsu, asalin ya zauna a gidanku.

Daga wani ɗalibin jami'a mazaunin Sabon Gari

Inna, abokina yana gwanjon wayoyi da takalma kai tsaye a TikTok. Yakan ce mu uku mu shiga da sunaye daban-daban mu riƙa ƙara kuɗi don a ɗauka ana so, in an gama ya saya mana mega. Ya ce ai talla ce. Zuciyata ba ta kwanta ba. Kuma wani ya ce mini gwanjon ma kansa haramun ne, tunda an hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Ni ba malama ba ce, amma wannan babin duk wanda ya zauna gaban malami ya ji shi. Abin da abokinka ke sa ku yana da suna a shari'a, najashu, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don wani ya ruɗu ya bi. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari da Muslim da Muwaɗɗa ya zo da hani a kansa ƙarara. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mai kaya ya san da shirin, wanda aka ruɗa yana da zaɓin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Ka duba wanda ake cuta: ɗalibi ne irinka da ya tara kuɗin bursinsa don ya samu waya, ya biya jikka biyar ko goma fiye da abin da zai biya in ba ku. Wannan ƙarin daga aljihunsa aka zare shi, megar da kake karɓa kuma daga ciki take.

Shi gwanjon kansa halal ne. Hanin tayi a kan tayin ɗan'uwa, Risala ta fayyace cewa yana farawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna sun kusa ƙullawa, ba a farkon tayi ba. Kayan da aka tsayar a fili aka ce wa zai ƙara, kowa na da damar ƙarawa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga shimfiɗa da ƙoƙon wani mutum ya tambayi mai saye, wani ya ce dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da biyu, ya sayar masa.

Ka samu abokinka ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ka gaya masa in tsoron faɗuwa yake, ya buɗe gwanjon a farashin da ba zai cutu ba, ko ya faɗa tun farko cewa ƙasa da kaza ba zai sallama ba. Wannan haƙƙinsa ne. In kuma taimakonsa kake so, ka riƙe masa waya, ka rubuta masa sunayen masu tayi, ka kai kaya, ya biya ka ladan aikinka. Ka kuma tuna masa Damagaram ba ta da girman da asiri zai daɗe a rufe. Masu kallo suna lura da sunan da kullum yake tayawa bai taɓa ɗauka ba.

Daga wani mai gyaran waya a Zango

Hajiya barka da aiki. Ina sa tsofaffin wayoyi a gwanjo a Facebook. Matsalata, mutum zai ci gwanjo, in na kira shi ya kashe waya. Na biyun kuma ya riga ya saya a wani wuri. Yaya zan yi?

Malam barka kadai. Wa'adinka ne ya yi tsawo, ko kuma ba ka sa shi ba sam. Ka rubuta a ƙa'ida cewa wanda ya ci yana da awa biyu ya biya, ko ya turo kuɗin kafin-alƙalami, ya cika sauran gobe. Da zarar ka rufe, ka sanar da na biyu cewa ya dakata awa biyu, in na farko bai cika ba kayan nasa ne a kan tayinsa shi, ba a kan na wanda ya gudu ba. Wanda ya yi maka haka sau ɗaya ka yi masa uzuri, wataƙila wuta ce ta ɗauke caji ya ƙare. In ya sake, ka rufe masa ƙofar tayi, ba sai ka sa hotonsa kana tona shi ba, don wannan yana iya juyowa kanka a gaban hukuma. Waya mai tsada kuwa, ka ce sai wanda ya taɓa saye a wurinka ko wanda ya ajiye wani abu tun kafin a fara zai taya.

Tunda wayoyi kake sayarwa, akwai abin da ya fi wannan haɗari, ba ka kuma tambaye ni ba. Wayar sata in aka bi sawunta, hannun da aka same ta shi ake fara kamawa. Duk wadda za ka saya don gwanjo, ka danna *#06# lambar IMEI ta fito, wato lambar shaidar wayar, ka rubuta ta a littafi tare da sunan wanda ya kawo da lambar katinsa na ɗan ƙasa, ya sa hannu. Ka sa shi ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka kafin ka ƙirga masa kuɗi. In ya ce ya manta lambar sirri, ko yana sauri zai dawo gobe ya cire, ka miƙa masa wayarsa. Wanda ya ci gwanjo kuma ka ba shi takarda mai ɗauke da wannan lambar IMEI ɗin, da kwanan wata, da kwanakin da ka yarda ya dawo da ita in ta nuna matsalar da ba ka faɗa ba.